Gemun Kawu da Hayaƙin Delhi

Jinya ce ta kai ni Indiya, ba yawon buɗe ido ba. Likitocin gida sun ba kawuna, ƙanin mahaifiyata, shawarar ya je can a yi masa aikin gwiwa, dangi kuma suka ɗora mini rakiya. Muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a farkon Nuwamban 2024, muka yada zango a Adis Ababa, daga nan muka miƙe sai Delhi.

Duk wanda ya taso a Kano yana da wata Indiya a ransa, wadda finafinai suka gina masa, mai tsaunuka da furanni da korayen filaye. Tun daga tagar jirgi wannan Indiyar ta yi ɓatan dabo. Gari ya waye tangaran amma ba a ganin ƙasa. Wani abu toka-toka mai ratsin ruwan ɗorawa ya lulluɓe komai, sai da muka kusa taɓa kwalta kafin gine-gine suka bayyana. Kawu ya leƙa ya ce, "Ashe su ma suna hunturu."

Wani ɗalibi ɗan Katsina, mai karatun haɗa magunguna a Greater Noida, wanda kan taɓa tafinta ga masu zuwa jinya, shi ya tarbe mu. Kafin ma a gama gaisawa ya miƙo mana takunkumin fuska samfurin N95. Ya ce, "Kawu, wannan ba hazon gida ba ne. Namu ƙura ce, nasu hayaƙi ne. Ku shaƙa ku ji." Gaskiyarsa. Iskar tana ƙaurin ƙuna, tana kankare maƙogwaro, ido kuma sai ruwa.

Masaukinmu yana Hauz Rani, wata unguwa mai ƙananan lunguna a kudancin birnin, wadda ta zama zangon masu jinya daga ƙasashe daban-daban. Allunan shagunan magani an rubuta su da Larabci da Farisanci da Turanci. Ga 'yan Afganistan suna gasa gurasa a tanderu, ga 'yan Iraƙi, ga mutanen Uzbekistan, ga mu baƙar fata. Yare kowa da nasa, amma tari ya haɗa mu. Da asuba a masallacin unguwa, kafin liman ya kai ƙarshen Fatiha sai ka ji sahu ya ɗauka daga wannan gefe zuwa wancan.

Direban da ke kai mu asibiti mutumin jihar Haryana ne, ɗan manoma, shi ya fara warware mini asalin abin. A jihohin Punjab da Haryana ana girbe shinkafa a Oktoba da farkon Nuwamba, da injin da ke yanke kai ya bar kara a tsaye. Tsakanin girbin da shukar alkama bai wuce mako biyu zuwa uku ba, manomi kuwa ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago su share gona, sai ya kyasta ashana. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne dokar da Punjab ta yi a 2009 don ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda ta hana dashen shinkafa da wuri. Dashe ya ja baya, girbi ya ja baya, ƙunar gona ta faɗo daidai lokacin da iska ke kwantawa. Da sanyi ya shigo, iska mai ɗumi kan zauna a sama ta danne mai sanyi a ƙasa, tsaunukan Himalaya kuma sun tare arewa, hayaƙi ya rasa hanyar fita. A kan wannan sai a ɗora hayaƙin miliyoyin motoci, da ƙurar gine-gine, da masana'antu, da ƙona bola, da wasan tartsatsin wuta na bikin Diwali, wanda aka yi a ƙarshen Oktoba duk da haramcin hukuma. Direban ya ce, "Mutanen birni suna zagin manomi wata ɗaya, motocinsu kuwa suna hayaƙi wata goma sha biyu."

Abin da ya fi haɗari a cikin hayaƙin shi ne wanda ido ba ya gani, ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5. Kaurin kowace bai wuce maikiron 2.5 ba, ke nan silin gashin kai ya ninka ta kusan sau talatin. Gashin hanci da majina ba sa tare su. Sukan wuce har can ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada su wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska cikin yini guda. Indiya ta ajiye tata iyakar a 60. A ranakun da muke magana, na Delhi ana lissafa shi ne da ɗaruruwa. Ranar Litinin 18 ga Nuwamba, ma'aunin ingancin iska na gwamnati, wanda ƙarshensa 500 ne, ya kai 494. Aka ƙaddamar da mataki na huɗu na tsarin gaggawa, aka dakatar da gine-gine, aka hana tsofaffin manyan motocin dizal shiga gari sai masu ɗauke da kayan masarufi, yara kuma suka koma karatu ta intanet.

Aikin Kawu ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma sai wata matsala ta kunno kai. Mai gashin ƙashi ta ce dole ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba gwiwar za ta ƙage. Ɗakinmu taku biyar ne ka kai bango. Waje kuma ga abin da ke jira. Takunkumin N95 yana tare kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyi, amma da sharaɗin ya manne da fatar fuska ta ko'ina. Kawu kuwa yana da gemu cikakke har ƙirji. Iska ba ta wahalar da kanta, inda ta ga sauƙi nan take bi, sai ta riƙa kurɗawa ta cikin gashin ta bar takunkumin yana zaman banza. Da ɗalibin nan ya yi ƙarfin halin kawo maganar rage gemun, Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, gwiwa na kawo a gyara, ba addini ba." Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen.

A shagon magani na bakin titi aka nuna mana wata 'yar na'ura da ake ratayawa a wuya kamar laya. Ba ta da fanka, ba ta da matata. An ce tana fesa wasu ƙwayoyin lantarki da ke korar ƙura daga gaban fuska. Ta yi suna a Indiya tun 2020, lokacin da aka riƙa ganin irinta a wuyan ɗan majalisar nan Shashi Tharoor. Ɗalibin ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, a buɗaɗɗen titi, iska na kaɗawa, me wannan za ta tare? Wasu irinta ma suna fitar da iskar ozon mai cutar da huhu. Akwai wani dattijo a tsohon gari da ya haɗa wa wani malaminmu mabiyin addinin Sikh abin da ya fi wannan. Su ma ba sa aske gemu."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa daga tashar Malviya Nagar, layin rawaya, muka sauka a Chandni Chowk. Tsohuwar Delhi ke nan, wadda Sarki Shah Jahan ya gina a ƙarni na 17. Kasuwar Lajpat Rai tana fuskantar Jar Ganuwa, wato Lal Qila, amma ran nan ganuwar ba ta da ja ba ta da fari, inuwa ce kawai a cikin toka. Kasuwar kuwa duniyar kayan lantarki ce: rumfuna manne da juna, wayoyi a rataye, lasifikoki, ƙananan injuna, tsofaffin rediyoyi da aka farke cikinsu, ƙaurin dalma ko'ina. A can ƙuryar wani lungu muka tarar da dattijon, mai farin gemu da aka rine da lalle, yana zaune a kan benci da tabarau a ƙarshen hanci. Kowa Ustad yake ce masa.

Da aka yi masa bayani, sai ya ce abin da muke nema ba sabo ba ne. Masu aiki a ma'adinai da masana'antu da wasu likitoci sun daɗe suna amfani da na'urar da ke tura tatacciyar iska cikin hular da ta rufe fuska. Hikimar ita ce a cika hular da iska mai tsabta fiye da abin da mutum ke shaƙa, ta yadda duk wata kafa, har ta cikin gemu, iska za ta riƙa fita ne ta nan, ba shiga ba. Na kamfani tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Nasa na hannu ne, kuma tun farko ya faɗa mana ba shi da takardar shaidar kowace hukuma.

Ya aike mu Bhagirath Palace, kasuwar da ke daf da nan inda ake sarin kayan wuta da na asibiti, muka sayo tiyo mai lanƙwasa irin na na'urar taimakon numfashi, da garkuwar fuska ta roba mai haske. Ɗalibin ya kawo shawarar a sa matatar iyakwandishan ta mota tunda tana da araha. Ustad ya girgiza kai. Ya ce ta gama-gari tana tare ƙura da ganye, amma hayaƙi ratsa ta yake yi. Sai dai matatar HEPA, wadda a ƙa'ida take kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu kaurin maikiron 0.3. Ya jawo wata daga aljihun teburinsa, farar takarda mai ninki-ninki a cikin firam, girmanta bai fi tafin hannu biyu ba.

Fanka ma sai da ya yi zaɓe. Ya ajiye irin ta cikin kwamfuta a gefe, ya ce wannan a fili take da baki, da an tare gabanta da matata sai ta mutu murus. Ya ɗauko bulowa mai bolt 12, mai zagayayyen gida da baki a gefe, wadda ke zuƙo iska ta tsakiya ta cusa ta da ƙarfi ta bakin. Sannan ya ɗauki robar abinci mai murfi mai maƙalli, ya zana girman matatar a kan murfin, ya yanke da wuƙa mai zafi. Ya zaunar da matatar, ya bi gefenta da narkakken gam a hankali, yana lailayawa da jiƙaƙƙen yatsa. Bulowar ta shiga cikin robar, bakinta ya leƙo ta wata huda a gefe, nan aka ɗaura tiyo. Wutar kuwa daga fawa banki ce, ta wayar da ke ɗaga ƙarfin zuwa bolt 12. Ya ƙi yarda da tsiraran batiran litiyam da ake sayarwa a tire a bakin lungu, ya ce abin da za a ɗaura a ƙugun tsoho ba a yi masa arahar da za ta iya kamawa da wuta. Wani tela a rumfar gaba ya ɗinka wa garkuwar fuskar zani mara shan iska, daga goshi ya zagayo ƙarƙashin haɓa, da zariya, aka bar wa tiyo ƙofa ta sama don iskar ta gangaro ta gaban fuska.

Ni a ganina aiki ya ƙare. A wurin Ustad kuwa yanzu aka fara. Ya fito da wata 'yar na'urar awo mai allo, wadda ke ƙirga ƙwayoyin ƙura da hasken leza. A kan bencinsa lambar gida uku ce. Ya cusa ta cikin hular, ya kunna bulowa. Lambar ta yi ƙasa, ta sauko gida biyu, sai ta cije. Bai ce komai ba. Ya kunna tsinken turare, ya riƙa zagaya robar da shi sannu a hankali, idonsa a kan allo. Da ya iso wata kusurwa ta murfin, sai muka ga zaren hayaƙin ya karkata ya shige ciki, lambar ta yi tsalle. Kafar ba ta kai a gan ta da ido ba. Ya toshe ta, ya sake zagayawa, ya sami wata a inda waya ta shiga, ya toshe. Sai ga lambar tana gangarowa har ta koma gida ɗaya.

Saura gwajin yawan iska. Ƙa'idar Amurka ta ce hula irin wannan, wadda ba ta matse fuska, tana bukatar aƙalla lita 170 a minti guda. Mutum a zaune bai fi shaƙar lita shida zuwa takwas a minti ba, amma mai tafiya, musamman mai dogara sanda, yakan fizgi iska da ƙarfi a lokaci ɗaya, kuma in bulowa ta gaza a daidai wannan fizgar, ta waje ce za ta cike gurbin. Ustad ba shi da injin auna wannan. Ledar shara ya ɗauko mai cin lita 60, ya matse iskar cikinta, ya ɗaura a bakin tiyo, ya ce in duba agogo. In lissafi ya yi daidai, ya kamata ta cika cikin daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Ta farko ta yi nawa. Ya cire bulowar ya sa babbarta, ya rage tsawon tiyo, ya sake bin duk kafofin da turare tun daga farko. Sai da ledar ta kumbura a kan lokaci sannan ya miƙo mini, ya ce a bar ta tana aiki a fili har warin gam ya fita kafin kowa ya sa.

Yana naɗe mana kayan yana jero gargaɗi, ɗalibin yana fassarawa. Matatar ƙwayoyi take kamawa, ba ta kama guba mai siffar iska, irin wadda ke fita daga janareto ko gawayi ta kashe mutane a ɗaki. In caji ya ƙare, a cire hular nan take, domin numfashin da mutum ya fitar zai taru a ciki. Mai mura ko tarin fuka kada ya ɗauka ya kare jama'a, iskar da ya fitar ba a tace ta ba. Matata in ta yi baƙi a canza ta, ba a wanke ta. Ya ƙare da cewa wanda ba shi da gemu ya sayi N95 mai kyau ya matse ta, ta fi sauƙi, ta fi araha, ba ta neman caji.

Wannan ɗabi'a ta awo ita ce ta raba aikinsa da na masu rataya a wuya, kuma tana da tarihi. A 2013 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Thomas Talhelm, yana zaune a Beijing, ya ɗaura matatar HEPA a jikin fankar gida, abin da ya ci masa yuwan 166. Ba ɗaurin ne ya jawo hankalin duniya ba. Ya sami na'urar ƙirga ƙwayoyi ne ya auna, ya wallafa sakamakon kowa ya gani, daga baya abin ya zama kamfanin Smart Air. A 2020, lokacin korona, aka sami akwatin Corsi da Rosenthal a Amurka, matatu huɗu ko biyar da fanka da salatif, shi ma gwaje-gwajen jami'o'i ne suka tsaya masa.

Muka yi la'asar a Jama Masjid, wanda aka kammala a 1656. Daga saman matakalarsa ana kallon masu tuƙa keken fasinja da ƙafa, suna haki, kowanne ya ɗaura hankici a hanci, wasu ko hankicin babu. Su ne suka fi kowa shaƙar iskar nan, su ne kuma ba za su iya sayen ko da robar da ke hannuna ba. A hanyar komawa muka ratse ta Connaught Place don in ga hasumiyar tace iska da gwamnatin Delhi ta buɗe a Agustan 2021, mai tsawon mita 24 da manyan fankoki 40. An kashe mata maƙudan kuɗi, daga baya hukumar kula da gurɓatar muhalli ta birnin da kanta ta ce irin waɗannan hasumiyoyi ba su ne mafita ba. Iskar gari guda ba ta tatuwa bayan an ɓata ta.

Mun nuna wa likitan Kawu na'urar kafin a fara amfani da ita. Ya jujjuya ta, ya ce ba zai rubuta ta a takarda a matsayin magani ba, amma don ɗan tattaki a lungu ba ya ganin laifinta, muddin ina kusa, kuma a zaɓi tsakar rana lokacin da hayaƙin ke ɗan ɗagawa, a guji asuba da dare. Haka aka yi. Robar tana ɗaure a ƙugu a kan jallabiya, tiyo ya bi ta baya ya hau kafaɗa, gemu yana ciki lafiya lau, bulowa tana gurnani. Yaran unguwa suka riƙa bin mu da kallo. Wani maƙwabcinmu ɗan Iraƙi ya tsare mu sai an rubuta masa sunan kasuwar. Kawu da kansa ƙorafinsa biyu ne: ƙarar tana hana shi jin gaisuwa, iskar kuma tana busar masa da ido. Amma tarin dare ya ragu, gwiwa kuma ta saki.

Mun dawo Kano a Disamba, muka tarar hunturu ya kankama. Ƙurarmu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi da iskar arewa maso gabas ke kwasowa. Wannan ba mu da iko a kansa. Amma hayaƙin janareto, da bolar da ake cinna wa wuta a kowace unguwa, da tayar da ake babbaka da ita, da salansar adaidaita sahu, waɗannan aikin hannunmu ne. A Delhi ma irin kekunan nan ne, sai dai tun farkon shekarun 2000 kotu ta tilasta musu komawa gas, kuma duk da haka ga inda suke. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Babu abin da Ustad ya yi wanda masu gyaran waya na Farm Centre ko masu haɗa kayan lantarki na Sabon Gari ba za su iya ba. Masu niƙa, da kafintoci, da masu fasa dutse, da dattawa masu asma suna bukatar irin wannan, kuma da yawansu masu gemu ne. Roƙona ga matasanmu masu fasaha da ɗaliban injiniya shi ne, in za ku haɗa, ku fara mallakar abin awo kafin ku sayi fanka, ku gwada a gaban mai saye, ku faɗa masa abin da na'urar ba ta iyawa. Mai saye kuma kada ya ba da kuɗinsa sai ya ga lamba ta sauka da idonsa. Hukumomi kuwa su sani cewa roba da tiyo hanci ɗaya suke karewa. Sauran miliyoyin hancin da ke Kano, kariyarsu tana ga hana hayaƙin tashi tun daga inda ake hura shi.